Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Jigawa a Kan Gwajin Jinin Masu Shawara

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



Bayan gaisuwa mai yawa, da ladabi da biyayya irin waɗanda suka kamaci talaka ga shugabansa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka da mataimakanka baki ɗaya, ina roƙon Allah Maɗaukakin Sarki ya ja zamaninka, ya yi riƙo da hannunka a kan wannan nauyi da ya ɗora maka, ya kuma kewaye ka da mashawarta masu faɗa maka gaskiya ko da ba ta yi daɗin ji ba. Amin.

Amma bayan haka, ranka ya daɗe, ni mutumin ƙasar Taura ne, a cikin masarautar Ringim, tsohon malamin makaranta wanda ya ajiye alli, ba likita ba, ba kuma mai neman wani muƙami ba. Ba ɗabi'ata ba ce in kai kukana bainar jama'a, ban kuwa yi haka ba sai da na bi ƙofofin da ya kamata a bi, na yi magana da baki a wani wuri, na rubuta takarda a wani, aka karɓe ni da mutunci, aka ce za a duba, har damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce, ban ji an duba ba. Ladabin Musulunci ya koya mana cewa wanda ya yi sallama sau uku ba a amsa masa ba, ya juya. Da kuwa buƙatar ta kaina ce da tuni na juya, amma da yake al'amari ne na rayukan mata masu ciki, waɗanda ba su da hanyar isowa gare ka, na ga ya zama wajibi in tsaya a bakin ƙofa in ɗaga murya.

Ga asalin maganar. A shekarar 2022, shekarar da ruwa ya ci ƙasar nan tun daga Ringim har Haɗeja da Guri, ya rusa gidaje, ya kwantar da gero da dawa, ya tara mutane a ajujuwan makarantu, 'yar ƙanena tana ɗauke da cikin fari. Ruwan ya janye, muka koma gidajenmu muna hamdala, muna zaton musibar ta wuce. Sai da kaka ta kama, kimanin wata guda da rabi bayan janyewar ruwan, ta fara kukan kasala da tashin zuciya da ƙin abinci, da wani ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ba a daɗe ba farin idonta ya rine ya koma rawaya, fitsarinta ya yi duhu kamar ruwan shayi. Tsofaffin gida suka ce shawara ce, aka jiƙa mata saiwar rawaya kamar yadda muka gada. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya haɗa mata ƙwayoyi cikin leda. Da abin ya ƙi, muka kai ta wani asibiti, aka ɗebi jininta, gwajin maleriya ya nuna akwai, aka gwada ciwon hanta iri biyu da ake da tsinken gwajinsu, aka ce babu ko ɗaya, aka ce mana hantarta lafiya lau, aka sallame mu da maganin zazzaɓi. Bayan 'yan kwanaki ta fara sambatu, tana barci da rana tana farke da dare, ta daina gane mijinta, har wasu suka ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Kafin mu mayar da ita asibiti naƙuda ta taso ba lokacinta ba, cikin yana wata bakwai, ɗan bai zo da rai ba, jini ya ɓalle ya ƙi tsayawa, ita ma ta cika kafin asuba. Allah ya jiƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta.

Na yi imani, kamar yadda kowane Musulmi ya yi, cewa ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma daga baya wani tsohon ɗalibina da Allah ya ba ilmin likitanci, da na kwashe labarin na faɗa masa, ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko an gwada ta ciwon hanta nau'in E, na ce ban taɓa jin sunansa ba ma. Ba ni da ikon in rantse cewa wannan ciwo ne ya ɗauke ta, babu kuma mai ikon rantsewa cewa ba shi ba ne, domin jinin da zai ba da shaida an binne shi tare da ita ba a tambaye shi ba. Wannan rashin tambayar shi ne abin da na zo kuka a kansa.

Ka yi mini izini, Allah ya taimake ka, in bayyana abin da na koya tun daga ranar, ko da yake na san kana da masana a kusa da kai da suka fi ni saninsa nesa ba kusa ba. Abin da Bahaushe ke kira shawara, alama ce da ke nuna hanta ta gaza, ko jini yana lalacewa, kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta ba tare da ya faɗi abin da ke ci ba. Maleriya mai tsanani tana kawo ta, sikila tana kawo ta, zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa yana kawo ta, haka nan ciwon hanta, wanda shi kansa iri biyar ne da likitoci suka laƙaba wa baƙaƙen A, B, C, D da E. Uku daga ciki, wato B da C da D, ta jini suke bi, ta allura da aska da ƙarin jinin da ba a tantance ba, ko daga uwa zuwa jariri, kuma su ne masu zama a jiki shekara da shekaru. Sauran biyun, A da E, ta baki suke shiga, a cikin ruwa ko abincin da bahaya ya taɓa. Shi A galibi yara ƙanana yake kamawa a irin ƙasashenmu, ya wuce da sauƙi, ya bar musu kariya har ƙarshen rayuwa. Shi kuwa E ya fi kama matasa da masu tsakiyar shekaru, mafi yawansu su yi makonni suna jinya su tashi. Illa mace mai ciki, musamman a watanni ukun ƙarshe, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin irinsu da suka kamu ana iya rasa 20 zuwa 25 cikin ɗari, wato kusan ɗaya cikin huɗu. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 20 ke kamuwa da shi kowace shekara a duniya, sama da miliyan 3 daga cikinsu su kwanta, kuma a 2015 ya kashe kimanin 44,000.

Babu likitan da zai dubi idon majinyaci, komai ƙwarewarsa, ya rarrabe waɗannan cututtuka da yaƙini, domin kamanninsu ɗaya ne, iyakarsa zato. Malamanmu na fiƙihu kuwa sun daɗe da rarrabe zato da yaƙini, alƙali ma ba ya yanke hukunci sai da bayyina. Bayyinar wannan ciwo tana cikin jini: idan ƙwayar ta shiga, jiki yana fitar da wata garkuwa da ake kira IgM, wadda ake ganowa da tsinken gwaji irin na maleriya, da ɗan jini kaɗan, cikin abin da bai kai rabin sa'a ba, ba tare da wutar lantarki ko babbar na'ura ba, sa'an nan a tabbatar a babban ɗakin gwaji ta hanyar da ake kira PCR, wadda ke gano ita kanta ƙwayar a jini ko a bahaya.

Kada a ce wannan cutar wasu ƙasashe ce masu nisa. A watan Janairu na 2017, a asibitin mata da yara na Diffa a Jamhuriyar Nijar, ma'aikata suka lura mata masu ciki suna ta zuwa da rawayar ido suna mutuwa. Da farko an zaci zazzaɓin shawara ne, sai da aka aika da jini har Cibiyar Pasteur da ke Dakar kafin gaskiya ta fito, ba a kuwa bayyana annobar a hukumance ba sai a watan Afrilu, bayan an yi ta binne mata, domin kusan duk waɗanda suka rasu a farkon annobar masu juna biyu ne. A watan Mayu na 2017 ɗin ciwon ya bayyana a Damasak ta Jihar Borno, sa'an nan ya yi ƙarfi a Ngala, a sansanonin waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Kafin nan ya riga ya yi ɓarna a Am Timan ta Chadi tun 2016. To, ranka ya daɗe, kogin Haɗeja da ke ratsa wannan yanki namu, shi ne ke gangarawa ya haɗu da na Jama'are, su zama Komadugu Yobe, su wuce ta Gashuwa da Gaidam, su bi ta Diffa da kusa da Damasak kafin su faɗa tafkin Chadi. Gaskiya ne ruwa ba ya hawa tudu, amma mutane suna hawa: fataken tattasai da na bandar kifi da na shanu suna zirga-zirga tsakanin can da Haɗeja da Maigatari da kasuwarmu ta Gujungu mako-mako, su sha a randunanmu, su kewaya a bayan garinmu. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka shafa wa naka ruwa. Mu namu gemun ko dubawa ba mu yi ba.

Kukana na farko ke nan: a duk asibitocin da ni da dangina muka taɓa kai majinyaci mai shawara, abin da ake da shi tsinken B ne da na C, waɗanda dama ake buƙata wajen ƙarin jini da awon ciki da gwajin kafin aure. Wannan alheri ne, ba na kushe shi. Amma illar da ke biyo baya ita ce, idan waɗannan biyu suka nuna babu, sai a ce wa majinyaci ba shi da ciwon hanta, alhali iri biyu kawai aka tambaya cikin biyar, kuma waɗanda ba a tambaya ba su ne masu bin ruwa, a ƙasar da ruwa ke cin ta kusan kowace damina. Talaka da aka ce masa asibiti bai ga kome ba, ina zai nufa? Sai wajen mai sakiya, ko mai jiƙe-jiƙe, ko ya fara zargin sammu, ya ɓata zumunci da maƙwabcin da bai ji ba bai gani ba. Rabin gwaji da aka ba da amsarsa kamar cikakke ya fi rashin gwaji cutarwa, domin wanda ba a gwada ba yana nan da shakkarsa, wanda aka ce masa lafiya lau kuwa ya saki jiki.

Na biyu, maleriya ta zama labulen da kowace cuta ke ɓuya a bayansa. A ƙarshen damina, a ƙauyukan bakin fadama, ɗimbin mutane suna yawo da ƙwayar maleriya a jininsu ko suna jinya ko ba sa yi. Saboda haka idan tsinke ya nuna akwai, bai zama hujjar cewa ita ce ta rina idon majinyaci ba. Amma da zarar ya nuna, sai bincike ya tsaya cak, a rubuta magani, a kira na gaba. Ba na ɗora laifi a kan ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai da layin mutum hamsin a gabansa, wanda ba a ba shi kayan aiki ba, ba a kuma ba shi umarnin ya wuce nan ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai, domin a kansa ne duk muka ruɗu a gidanmu. Kwalara idan ta zo, zuwan gaggawa take yi, ta kayar da mutum cikin sa'o'i, gari ya ɗauka, hukuma ta zo da tantuna da ledojin ƙarin ruwa, kamar yadda muka gani a 2021, shekarar da ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 3,000, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi shan wuya. Shi wannan ciwo ba haka yake ba. Daga ranar da mutum ya sha ruwan zuwa ranar da idonsa zai rine, ana yin mako biyu zuwa goma, galibi biyar ko shida. Ma'ana, ruwan da ya cika masai ya kwarara cikin rijiya a watan Agusta ko Satumba, ba za a ga aikinsa ba sai Oktoba ko Nuwamba, lokacin da an tashi sansanonin 'yan ambaliya, an raba shinkafa da tabarmi, jami'an agaji sun rubuta rahotonsu sun koma Dutse, mutane sun shiga yankan gero da roron wake. A sa'an nan ne mace za ta mutu a Kwalam, wata a Maje, wata a Ajaura, kowacce a bayan labulenta, kowacce da sunan da aka laƙaba wa mutuwarta, wannan jijjiga, waccan zubar jini, waccan kuwa iska, babu wanda zai haɗa su wuri guda, balle ya tuna da ruwan da ya janye tun wata biyu.

A nan ina so in taɓo wata mas'ala da na san za ta yi wa malamanmu nauyi, amma faɗarta ya zama dole. Tun muna yara a makarantar zaure, a cikin Ishmawi da Risala, an koya mana cewa ruwa yana nan a kan tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya da najasa ba. Wannan hukunci daidai ne a babinsa, wato babin alwala da wanka. Sai dai jama'armu sun ɗauke shi sun kai shi babin sha, suna ganin duk ruwan da ya yi garau, ba wari ba gafi, to lafiyayye ne. A jefa masa alif ya kwanta, a zuba a randa, a tsoma moɗa ɗaya gida duka. Ita kuwa wannan ƙwaya ba ta sauya ɗaya daga cikin siffofin nan uku, alif kuma dauɗa yake kwantarwa, ba ya kashe ta. Sai tafasawa ko sinadarin kulorin. Ruwa yana iya halatta ga alwala ya kuma halaka mai ciki. Wannan magana ba ta da ƙarfi a bakina, amma tana da ƙarfi a bakin limamin Juma'a, idan hukuma ta kai masa hujja ta ce ga rijiyar unguwa kaza, ga mutum kaza da aka tabbatar sun kamu daga cikinta. Hujjar kuwa ba ta samuwa sai da gwaji. Neman ilmin magani ba baƙon abu ba ne ga magabatanmu: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula da ke kansa, sai da ya zauna ya wallafa littattafai a kan ɗibbu, har da na ciwon ido da na basir.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini shi a ɗaya daga cikin ofisoshin da na je: tun da ciwon ba shi da wani magani na musamman, yawanci kuma shi ke warkewa da kansa, mene ne amfanin kashe kuɗi a gano shi? Amsar tana da fuskoki da yawa. Wanda aka san hantarsa ce ke ciwo, za a tsayar masa da tarin ƙwayoyin da ake ɗura masa bisa zato, da farasitamol da ake sha ba ƙa'ida, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, waɗanda duk hantar ce za ta ɗauki nauyinsu alhali tana neman hutu. Mai ciki da aka san tana da shi ba za a sallame ta gida ba. Za a kwantar da ita a inda ake da jini a ajiye, a riƙa duba sukarin jininta da daskarewarsa da hankalinta, a yi shirin haihuwarta tun kafin jini ya ɓalle. Budurwa ko saurayin da aka ce yana da ciwon hanta, jama'a suka ɗauka mai zama ne, har ana shirin fasa aurensa, za a wanke shi a ce wannan mai wucewa ne. Mafi girma duka, majinyaci ɗaya da aka tabbatar yana nuna rijiya, rijiya kuwa unguwa guda ke sha. Gwajin mutum ɗaya kariya ce ga ɗari. Akwai ma allurar rigakafi, mai suna Hecolin, wadda ƙasar Sin ta amince da ita tun 2011, aka kuma fara amfani da ita a tsakiyar annoba a Bentiu ta Sudan ta Kudu a 2022, da hannun ma'aikatar lafiyarsu da ƙungiyar likitoci ta MSF, ita dai ƙungiyar da ke aikin haihuwa a Jahun, nan maƙwabtanmu, tun 2008. Amma babu mai aiko da rigakafi zuwa ƙasar da takardunta suka ce ba ta da cutar.

Tarihin ciwon kansa shaida ne ga darajar jinin da aka adana. A ƙarshen 1955, bayan kogin Yamuna ya yi ambaliya, ƙazanta ta shiga ruwan famfon birnin Delhi na Indiya, kimanin mutum 29,000 suka yi shawara, likitocin zamanin suka ɗauka nau'in A ne. Sai bayan wajen shekara 25, da aka fito da jinin waɗannan majinyata da aka ajiye aka sake gwadawa, aka ga ba A ba ne ba kuma B ba. A 1981 wani masani ɗan Rasha, Mikhail Balayan, ya haɗiye abin da aka tace daga bahayar sojojinsu da suka kamu a Afganistan, ya kwanta ciwo, aka ga ƙwayar a nasa bahayar. Da mutanen Delhi ba su ɗebi jinin ba, da har yau ana kiran annobarsu da sunan da ba nata ba.

Ranka ya daɗe, na zaɓi in rubuto maka kai da kanka saboda dalili biyu. Ɗaya, al'amarin ya ratsa ma'aikatar lafiya da ta ruwa da hukumar agajin gaggawa da ƙananan hukumomi, kowacce tana iya cewa ba hurumina ba ne, kai kaɗai ne duk suke ƙarƙashinka. Ɗayan kuwa, kai mutumin lissafi ne, ka riƙe ma'aikatar kuɗin jihar nan kafin ka zama mataimakin gwamna, sa'an nan gwamna a 2023, kuma ɗan Kafin Hausa ne kai, ba sai an ba ka labarin ambaliya ba. Ka fi kowa sanin cewa abin da bai shiga littafi ba, ba ya shiga kasafi. Lokacin da tankar mai ta yi gobara a Majiya, a cikin wannan ƙaramar hukuma tamu, a watan Oktoba na 2024, ta ci rayukan sama da mutum 150, gwamnatinka ta kafa kwamiti, aka ƙidaya matattu da masu rauni, aka binciki sababi, mun kuma gode. Matan da nake magana a kansu ba su mutu rana ɗaya a wuri ɗaya ba, shi ya sa ba wanda ya ƙidaya su. Amma amanarsu tana wuyan shugaba daidai da ta waɗancan, kuma kiyaye rai yana sahun gaba cikin manufofin shari'a. Idan littafin jiha ya nuna babu wannan ciwo a Jigawa, ina roƙonka ka yi wa jami'anka tambayar da mai binciken kuɗi ke yi: an duba ne ba a samu ba, ko kuwa ba a duba ba?

Ba kuma abin da ya fi ƙarfinmu ba ne. Ƙasar da ta yi shekaru tana ɗibar bahayar kowane yaron da ƙafarsa ta saki, daga kowane lungu, a sa a akwatin ƙanƙara a kai Ibadan ko Maiduguri, har aka kai ga bayyana nahiyar Afirka ta rabu da shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020, ba za ta gaza ɗaukar jini daga Taura zuwa Dutse ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido a kan cututtuka, hanyar aika jinin mai zazzaɓi da rawayar ido don binciken zazzaɓin shawara tana nan, an kuma kafa ɗakunan PCR a jihohin ƙasar nan a zamanin korona.

Saboda haka, cikin ladabi, ga abin da nake roƙo. Ina roƙon ka ba da umarni a sayi tsinken gwajin ciwon hanta nau'in E a ajiye a manyan asibitoci da manyan cibiyoyin lafiya na ƙananan hukumomin da kogi ke ratsawa, Ringim da Taura da Jahun da Miga da Auyo da Kafin Hausa da Haɗeja har zuwa Kirikasamma da Guri, su isa tun kafin marka, kuma mai ciki kada ta biya ko kwabo, a sa shi cikin tsarin kula da masu ciki kyauta. Ina roƙon a fitar da rubutacciyar ƙa'ida, a manna ta a bangon kowane ɗakin awo, cewa duk mai cikin da idonta ya yi rawaya a gwada ta a ranar, kada a sallame ta saboda tsinken maleriya ya nuna, a kuma miƙa ta babban asibiti da motar shirin Haihuwa Lafiya ba tare da jiran ta fara sambatu ba. Sa'an nan a hana faɗa wa majinyaci cewa ba shi da ciwon hanta, sai dai a gaya masa irin da aka gwada da irin da ba a gwada ba.

Ina roƙon a ware ɗakin gwaji ɗaya a cikin jihar, ko a asibitin Rasheed Shekoni na Dutse ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, wanda zai riƙa tabbatar da sakamako da haɗin gwiwar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, kuma duk jinin da aka aika don zazzaɓin shawara ya dawo babu, kada a zubar da shi sai an tambaye shi E. A buɗe littafi na masu shawara a kowane asibiti, da unguwarsu da inda suke ɗiban ruwa, a riƙa bayyana adadin ga jama'a ko da sifili ne. Aikin sa ido bayan ambaliya kada a naɗe shi da janyewar ruwa, a bar shi ya cika mako goma. Inda kuma aka tabbatar da mutum biyu ko uku a unguwa ɗaya, a zuba kulorin a rijiyoyinta, a gyara famfon tuƙa-tuƙanta, a bi 'yan garuwanta a ga inda suke ɗiba. Daga ƙarshe ina roƙon ka nemi taimakon iyayenmu sarakuna biyar na jihar nan, da hakimai da dagatai da limamai da ungozomomi, da gidan Rediyon Jigawa, a isar da magana ɗaya cikin kowane gida: mai ciki da farin idonta ya sauya, a kai ta asibiti a ranar, kuma mai ciki ta sha tafasasshen ruwa tun daga farkon damina har ƙarshen kaka.

Idan na yi kaushin harshe a wani wuri, ina neman afuwa, zafin rashi ne. Ƙanwar marigayiyar nan an yi mata aure bara, yanzu haka tana da ciki, lissafin haihuwarta kuwa zai faɗa a cikin kaka, kuma daga rijiyar da yayarta ta sha take sha. Ina roƙonka, don Allah, tsinken nan ya riga ruwan bana isowa Taura.

Allah ya ƙara maka lafiya da nasara, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Taura, Masarautar Ringim.